Rabin Wata a Fakon Damagaram: Gwajin Ƙauyuka 180

A farkon shekarar 2018, ƙauyuka 180 na jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka shiga wani gwaji da malamai biyu na jami'o'in Amurka suka tsara tare da Ma'aikatar Muhalli ta ƙasar. Malaman su ne Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts, ta kuma daɗe tana bincike a karkarar Nijar, da Kelsey Jack, wadda ita ma ta koyar a Tufts kafin ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. Dukansu masana tattalin arziki ne, ba malaman gona ba. Ba su zo da sabon iri ba, ba su zo da injin ban ruwa ba. Tambaya ce suka zo da ita, wadda ta daɗe tana ci wa masu aikin raya karkara tuwo a ƙwarya: tun shekarun 1980 aka san gina rabin wata, wato ramin da ake haƙawa a gona mai siffar rabin da'ira, yana tare ruwan sama, yana kuma ta da gonar da ta mutu, to me ya sa manoman da ke yin sa a gonakinsu na kansu ba su wuce ɗaya cikin goma ba?

Wanda duk ka tambaya a ofis, amsarsa a shirye take: talauci ne. Aikin na da wuya, ana yin sa a lokacin da rumbu ya fara sauka, manomi ba ya da kuɗin diga da shebur balle na 'yan ƙwadago. A kan wannan amsar aka gina shirye-shirye masu yawa na biyan mutane da hatsi ko kuɗi don su haƙa. Amsar tana da ma'ana, kuma ba wanda ya san ƙauye da zai ce babu gaskiya a cikinta. Sai dai an daɗe ana maimaita ta ba tare da an auna ta ba, kuma aunawar ce ta fito da abin da ya sa nake ganin wannan lamarin ya cancanci a zauna a kansa.

Ruwa yana sauka, ƙasa ba ta sha

Idan aka ce ƙarancin ruwa a Damagaram, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne layin jarkoki a birnin Zinder, garin da ke zaune a kan dutse, wanda matsalar ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga can zuwa Yamai a 1926. Ƙishirwar gona daban take. Kudancin jihar, wajen Magarya da Matamai da Mirya, yana samun ruwan sama kamar milimita 400 zuwa 600 a shekara, duk a cikin wata uku zuwa huɗu. Gero yana iya nuna da wannan ruwan. Lissafin ma zai ba mutum mamaki: milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, wato damina mai milimita 400 tana zuba lita miliyan 4 a kowace hekta. Abin tambaya shi ne nawa ne daga ciki ke shiga ƙasa, kuma a wane lokaci.

Bayan manyan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, damina ta ɗan dawo a yankin Sahel daga shekarun 1990, amma ba da halinta na da ba. Wani bincike da masana yanayi na Birtaniya da Faransa suka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Manomi bai buƙatar tauraron ɗan Adam ya faɗa masa haka. Ya san ruwan shuka yana makara, ya san ana yin binne a jira, ya san ruwa kan sauka da ƙarfi a dare ɗaya ya cika kwari, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku shuka tana ƙonewa, a sake shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama. A watan Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Zinder na ƙasa da aka gina a ƙarni na 19. Jihar da ke kukan fari ita ce ke kukan ambaliya, wani lokaci a damina ɗaya.

A jigawa abin da sauƙi, domin yashi yana shan ruwa. Matsalar tana kan fako. Gona takan zama fako sannu a hankali: an sare itace, an kwashe kara da ciyawa don dabbobi da girki, an daina hutar da ƙasa saboda 'ya'ya sun yi yawa gona ta rarrabu, iska ta kwashe yashin sama, ɗigon ruwa mai ƙarfi ya daddaka abin da ya rage har ya yi ɓawo mai tauri. Daga nan ruwa ba ya ratsawa. Yana sauka ya mirgina, ya tafi da ɗan takin da ya saura, ya yanka zaizaya a gonar maƙwabci. Ka tsaya a irin wannan wuri bayan an yi ruwa da daddare, ka kai fartanya ƙasa: sama ta jiƙe kamar kaurin yatsa, ƙarƙashi busasshe ƙamas. Manoma sukan ce ƙasar ta gaji, ko ta mutu, su bar ta.

Yadda ake yin sa

Rabin wata rami ne marar zurfi mai siffar sunansa. A kafa turke, a ɗaura igiya mai tsawon mita 2, a ja rabin da'ira a ƙasa, faɗinsa ya zama mita 4. A haƙa cikin da diga zurfin santimita 15 zuwa 30, ƙasar da aka fitar a jera ta a bayan lanƙwasar a daddanna ta zama kunya. Bakin da ke buɗe dole ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, kunyar kuma ta kasance ta ƙasa. Ana jera su layi-layi a gicciye da gangare, kowane layi a goce da na gabansa kamar ɓawon kifi, ta yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa bakin na uku. Ma'aikatar Muhalli tana ba da shawarar a yi 250 zuwa 300 a hekta ɗaya.

Ramin da ke da wannan faɗin da zurfin santimita 20 yana ɗaukar ruwa kusan lita 1,250, wato durom shida da ɗoriya. In aka yi 250, sun tare sama da lita 300,000, daidai da ruwan hadari mai milimita 30 da ya sauka a hekta guda. Wannan ruwan da zai gudu cikin awa ɗaya, sai ya kwanta ya nitse a hankali, shuka ta sami laimar da za ta riƙe ta idan ruwa ya ɗauke. Ba ruwa kaɗai ramin ke kamawa ba. Iskar bazara tana zuba masa yashi da ganye da ƙwayar ciyawa. Idan an sa takin gida, gara takan zo ta ci, ta huhhuda ƙasa, hanyoyin da ta buɗe su zama mashigar ruwa da saiwa. In an gyara kunyar duk shekara, rami yana aiki shekara uku ko fiye, kuma a lokacin ƙasar ta fara laushi.

Kuskuren da ke kashe aikin ƙanana ne a ido. A juya bakin ba daidai da gangare ba, ruwa ya bi ta gefe. A bar kunya ba a danne ba, hadarin farko ya ɓalle ta. A yi shi a jigawa, yashi ya rufta, wahala ta tafi a banza. A haƙa a makare, bayan ruwa ya fara, aikin ya yi karo da shuka da noman fari. Lokacinsa daga Fabrairu ne zuwa Mayu, lokacin da rana ta fi zafi, ƙasa ta fi tauri, majiya ƙarfi kuma da yawa sun tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A Illela ta jihar Tawa, wani shiri na asusun raya noma na duniya IFAD ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, inda mutane irin su marigayi Yacouba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar ramukan shuka. Da suka dawo suka gwada waɗannan ramukan, da ake kira tassa, a kan hekta 4 kacal. Shekarar 1990 ta zo da fari, gonakin da ke da ramukan ne suka ba da abin kai wa rumbu, daga nan abin ya bazu ba tare da an roƙi kowa ba. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna matsakaicin amfanin kilo 513 a hekta a gonakin tassa da taki, a gefe kuma kilo 125 a waɗanda ba a taɓa ba. Har kasuwar fako ta buɗe, mutane suna sayen matacciyar ƙasa da araha su ta da ita. Masu bincike irin su Chris Reij na wata jami'a a Amsterdam, tare da malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sun bi sawun wannan sauyin a tsakiyar shekarun 2000. A ƙauyen Batodi na yankin Illela an rubuta cewa ruwan rijiyoyi ya taso daga zurfin mita 18 a 1994 zuwa kamar mita 4 a 2004, har mata suka fara lambu a inda da ba a samun na sha.

Saboda haka ba a shakkar dabarar. Abin da ba a gane ba shi ne dalilin da ya sa ta kama a wasu wurare, a wasu kuma ta tsaya a filayen gwamnati da na gari, inda ake tara mutane a biya su su haƙa, furoje ya ƙare, kowa ya koma gida ya bar gonarsa yadda take.

Yadda aka tsara gwajin

An zaɓi gidajen da ke da gona mai fako, kusan manoma 16 a kowane ƙauye, maza da mata. Sannan aka raba ƙauyukan gida biyar ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ba a yi musu komai ba, su ne ma'auni. Kashi na biyu aka ba su horo kawai. Sauran ukun suka sami horon tare da kuɗi, amma ta hanyoyi daban-daban: wasu aka ba su kusan dalar Amurka 20 tun da wuri, kafin lokacin haƙa, ba tare da wani sharaɗi ba, wasu aka yi musu alkawarin za a biya su a kan kowane rabin wata mai kyau da suka gina, wasu kuma aka ba su kuɗin ba sharaɗi amma a makare, bayan lokacin haƙa ya wuce.

Kowane kashi yana amsa wata tambaya. In rashin kuɗi a hannu ne ke hana aikin, waɗanda aka ba da wuri za su yi fintinkau. In kuwa manomi yana ganin ribar ta yi nisa ne, waɗanda ake biya a kan kowane rami za su fi kowa. Ƙuri'ar kuma ita ce ƙashin bayan komai. Da jami'ai ne suka zaɓi ƙauyukan da hannu, da sun karkata ga na bakin hanya, ko masu maigari mai himma, ko waɗanda suka saba da furoje, in abu ya yi kyau ba za a san ko horon ne ya yi aiki ko mutanen ne dama masu ƙoƙari ba. Akwai nauyi a barin wasu ƙauyuka ba a koya musu ba don kawai a kwatanta da su, kuma bai kamata a ɗauki hakan da wasa ba. Amma ƙauyukan Nijar da ba a taɓa koya wa komai ba sun fi ƙarfin ƙirga, kuma ba wanda ke komawa ya duba halin da suke ciki.

Horon gajere ne, na yini ɗaya, kuma malaman Ma'aikatar Muhalli ne suka ba da shi, ba baƙi ba. Akwai bayani a zaune: abin da rabin wata ke yi, irin ƙasar da ya dace da ita, awonsa, lokacinsa. Sannan a tashi a je fili, a duba inda ruwa ke bi, a ja igiya, mahalarta su haƙa da hannunsu. Bayan haka aka bar kowa da gonarsa. Da lokaci ya yi ba a tsaya ga tambayar manomi ko ya yi ba, domin kowa ya san baƙo mai takarda akan faɗa masa abin da yake son ji. Gona-gona aka bi ana ƙirga ramukan ana duba ingancinsu. Aka sake komawa bayan girbi, aka kuma koma bayan shekara uku.

Abin da aka samu

A ƙauyukan ma'auni, waɗanda suka gina rabin wata ba su kai 10 cikin 100 ba. A ƙauyukan da aka yi horo, kusan kowa ya gina: ƙarin ya haura mutum 90 a cikin kowane 100. Masu irin wannan bincike sun saba ganin shiri ya motsa mutum biyar ko goma cikin ɗari su yi murna, don haka wannan adadin ba abin da ake gani kullum ba ne.

Kuɗin kuwa bai ƙara yawan masu yi ba. Wanda aka ba horo kawai ya haƙa, wanda aka haɗa masa da kuɗi ma ya haƙa. A shekarar farko kuɗin ya sa wasu sun ɗan ƙara yawan ramuka, amma da tafiya ta yi nisa bambancin ya dushe. Bayan shekara uku ramukan suna nan ana aiki da su, amfanin gonar waɗannan gidajen ya ƙaru, barin gona saboda ta gaji ya ragu, kuma maƙwabtan da ba su halarci horon ba sun gani sun kwaikwaya. Sakamakon ya fara fitowa a rubuce a 2021.

Dole a yi hattara da yadda ake karanta wannan. Bai nuna cewa manoman Damagaram ba sa buƙatar kuɗi ba. Gidan da aka ba dala 20 a watan Maris ya san inda zai kai ta, kuma da wuya a ce ya ɓarnatar. Abin da ya nuna shi ne, a wannan aikin, a wannan wurin, ba kuɗi ne ƙofar da ke rufe ba. Da zarar mutum ya gamsu, yakan nemo diga ko da aro ne, ya tara 'ya'ya da ƙanne, ya rage wani aikin ya yi wannan.

To me yini ɗaya ya canza? Da yawa daga cikin mutanen nan sun taɓa ganin rabin wata, wasu ma sun taɓa haƙa shi a aikin da ake biya. A nawa ganin, a nan ne bakin zaren yake. Wanda aka ɗauka aikin haƙa a filin gari, wani ne ya auna masa, wani ya ja masa layi, shi nasa diga ne da karɓar ladan yini. Ya koyi haƙa, bai koyi karanta gangare ba, kuma ba wanda ya ce masa abin nan na gonar gero ne. A idonsa rabin wata aikin furoje ne, abin da ake yi idan akwai mai biya. Horon ya ɗauko dabarar daga filin gwamnati ya kai ta gonar mutum, ya ba shi awon a hannunsa, a watan da ya kamata a fara, a gaban 'yan'uwansa da su ma za su yi. Wanda zai fara haƙa ramuka shi kaɗai a fako tsakiyar bazara yana tsoron bakin mutane idan abin bai yi ba. Idan su goma sha shida ne suka fito tare, wannan tsoron ya ragu.

Akwai darasi mai ɗaci a nan ga tsarin biyan mutane su gyara ƙasa. Ba na cewa a daina shi, domin a shekarar yunwa irin 2005 ko 2010 wannan ladan shi ke riƙe gidaje, kuma manyan filayen kiwo ba mai gyara su shi kaɗai. Amma shekaru da dama ana kashe maƙudan kuɗi a kan hekta, alhali abin da ya fi arha, wato malamin da zai zo ƙauye ya yini yana koyarwa da hannu, shi ne aka fi yi wa rowa. Malaman gona da na daji a ƙasashenmu ba su da yawa, wanda ke akwai kuma sau da yawa ba ya da man babur.

Inda lissafin ofis da na manomi suka rabu

Akwai wani ɓangare na sakamakon da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Kusan kowa ya gina, amma yawancinsu ba su kusanci adadin da ma'aikatar ke so ba. A maimakon 250 zuwa 300, matsakaicin gida 'yan gomomi ya yi. Wanda ya gina 30 ya rufe kamar kashi ɗaya cikin goma na hekta ke nan.

Mai gaggawa zai ce kasala ce ko rashin fahimta. A yi lissafin tukuna. Ƙa'idar da aka saba bi a ayyukan da ake biya ita ce mutum ɗaya ya haƙa kamar uku a yini. Hekta guda ke nan tana cin sama da kwana 80 na majiyin ƙarfi, a zafin Afrilu, a gidan da wataƙila saurayin da zai yi aikin shi ne wanda ake jiran ya aiko da kuɗin cin rani a sayi hatsi. Sannan ga taki. Rabin wata ba taki rami ne kawai mai riƙe ruwa a ƙasar da ba ta da abinci, amfaninsa kaɗan ne. Mai awaki uku ba zai ciyar da rami 250 ba, kuma ko takin ya samu, sai da amalanke za a kai shi gona mai nisa. Tsohuwar al'adar da makiyayi ke sauka a gona bayan girbi, dabbobinsa su ci kara su bar taki, ta yi rauni a wurare da yawa tun da kara da harawa suka zama kayan sayarwa. Ba kuma dukan gona ce fako ba. Sau da yawa wani gefe ne ya mutu, manomi ya bi wannan gefen ya tsaya.

Ina ganin manomin ya auna ƙarfinsa da takinsa ne ya yi daidai da su. Idan haka ne, tambayar da ta kamaci masu bincike yanzu ba ta yadda za a tura shi ya kai 300 ba ce. Tambayar ita ce wane adadi ne ke biyan wahalarsa a irin ƙasarsa, ko ya fi kyau ya riƙa ƙara kaɗan-kaɗan duk shekara, me ya fi dacewa a shuka a ciki, gero ko dawa ko wake, tunda a shekara mai ruwa da yawa gero ba ya son kwanciyar ruwa a gindinsa. Akwai kuma batun haɗa ramukan da barin tsiron itace a gona, abin da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka yi suna a kansa da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ba ƙasa taki.

Batun mallakar ƙasa ma yana nan yana jira. Fako ba ya da mai shi sai ranar da ya fara ba da dami. Macen da mijinta ko wani ɗan'uwa ya ba aron matacciyar gona, ta kashe ƙarfinta ta ta da ita, ba ta da tabbacin za a bar mata. Haka wanda ke noma gonar aro ko ta jingina. Wani fakon kuma hanyar dabbobi ce ko wurin kiwo tun kaka da kakanni, ranar da aka haƙa shi aka shuka, an buɗe ƙofar rigima da makiyaya. Horon yini ɗaya ba ya warware waɗannan, sai an haɗa da masu gari da hukumomin kula da filaye.

Rabon aiki tsakanin jami'a da ma'aikata

Abin da ya sa wannan haɗin gwiwar ya yi amfani, a fahimtata, shi ne kowa ya tsaya a inda ya fi iyawa. Jami'o'in ba su kafa nasu ofishin koyar da manoma ba. Ma'aikatar da za ta ci gaba da zama a ƙasar bayan baƙi sun tafi ita ce ta koyar, da ma'aikatanta, da awonta. Masu binciken suka kawo tsarin gwaji, da kuɗin bincike ta hanyar cibiyoyi irin su J-PAL mai binciken hanyoyin yaƙi da talauci, da haƙurin komawa a ƙirga bayan shekara uku, lokacin da yawancin shirye-shirye sun rufe littafi. Sun kuma yarda su buga sakamakon da ya saɓa wa abin da aka fi zato, har da nasu zaton, tunda kashi uku cikin biyar na gwajin a kan kuɗi aka gina su.

Sai dai tambayoyin da suka rage ba irin waɗanda ake amsawa daga Amurka ba ne. Suna buƙatar wanda zai je gona ɗaya damina biyar a jere, ya auna laimar ƙasa, ya auna dami, ya zauna da mata ya ji wa aka ƙwace wa gona. Damagaram tana da jami'arta tun 2010, wadda yanzu ake kira Jami'ar André Salifou. Maraɗi tana da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, Yamai tana da Abdou Moumouni da cibiyar binciken noma ta INRAN, ga cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT a Sadore. A tsallaken iyaka, Jami'ar Bayero ta Kano tana da Cibiyar Binciken Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, kuma fakon Daura da Ɓaɓura da Maigatari ɗaya ne da na Magarya, harshen ma ɗaya. Ɗaliban waɗannan makarantu 'ya'yan manoman nan ne, ba sa buƙatar tafinta.

Abin ya ƙara zama dole tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da ƙasashe da dama suka dakatar da tallafinsu ga Nijar, sannan Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, a 2025. Kuɗin da ke ɗaukar nauyin irin wannan bincike daga waje ya ragu sosai. Horon kansa kuwa ba shi da tsada: malami ɗaya, igiya da turke, diga da shebur, da man da zai kai shi ƙauye a watan Fabrairu. Wannan kasafin jiha ko na ƙaramar hukuma yana iya ɗauka, kuma ɗalibin aikin gona da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe yana iya bin malamin ya ƙirga ramukan, ya dawo bayan girbi ya auna abin da suka bayar.